Ciwon ƙashi da gaɓoɓi: wani "sanyin" daga cikin jini yake tasowa

Da zarar hunturu ya kama a Maraɗi, daga Disamba zuwa Janairu, kukan ciwon ƙashi yakan yawaita a gidaje. Yaro ya kwana yana murƙususu riƙe da ƙwaurinsa, budurwa ta wayi gari tana ɗingishi, dattijo ya kasa tashi daga tabarma sai an kama shi. A bakin jama'a duka sunansu ɗaya: sanyi. Wani ya ce sanyin ƙashi ne, wani ya ce amosani, wata tsohuwa ta ce a'a, wannan ya taka wani abu ne. Daga nan sai a nufi mai tallar magani, ko a kira wanzami ya yi ƙaho, ko a kai wa maɗori ya murza. Sau da yawa ciwon yakan lafa, don akwai ciwon gaɓoɓi na gajiya da na tsufa, ba wanda ya musa. Amma akwai wani kaso da tushensa cikin jini yake, kuma shi ne mai gurgunta yara, shi ne mai kisa idan aka yi jinkiri.

To, mi ya haɗa jini da ƙashi? Duk wanda ya taɓa fasa ƙashin sa ya tsotsi ɓargo ya riga ya ga amsar da idonsa. Cikin ɓargo ake ƙera jini. Nan jajayen ƙwayoyi ke fitowa, masu ɗaukar iskar numfashi su kai ta ko'ina cikin jiki. Nan fararen ƙwayoyi ke fitowa, masu yaƙi da cuta. Nan kuma wasu ƴan mitsi-mitsi ke fitowa waɗanda ke toshe rauni don jini ya tsaya. A jikin jariri kusan kowane ƙashi yana wannan aiki, har ƙananan ƙasusuwan hannu da na ƙafa. Yayin da mutum ke girma aikin yakan janye ya koma ƙashin baya, da ƙugu, da haƙarƙari, da ƙashin ƙirji, da ƙoƙon kai, da saman ƙashin cinya da na dantse. Ku riƙe wannan, don shi ya sa cutar jini kan kama jariri a yatsu, ta kama tsoho a gadon baya.

Emasi, wanda kowa ya sani amma ba kowa ya gane ba

Mu fara da wanda ya fi yawa a ƙasarmu, wato amosanin jini, wanda a nan Nijar aka fi kira emasi, maƙwabtanmu na Najeriya kuma su ce sikila. Alƙaluman da hukumomin kiwon lafiya ke bayarwa sun nuna kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijar yana ɗauke da irin cutar cikin jininsa, mafi yawansu lafiya lau, ba su ma sani ba. Su ne ake rubuta wa AS a takardar gwaji. Idan AS ya auri AS, kowane ciki da matar ta ɗauka yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai cutar. A lura, kowane ciki aka ce. Mutane kan ɗauka cewa in an haifi ɗaya mai cutar to ukun da ke biye sun tsira. Ba haka lissafin yake ba. Akwai gidan da ɗiya uku a jere suka zo da ita, akwai gidan da aka haifi takwas ba ko ɗaya. Akwai kuma wani nau'in jini da ake kira C, wanda ya fi yawa wajen Burkina Faso da arewacin Gana, amma a nan ma ana samunsa. In S ya haɗu da C sai a sami SC, wanda sau da yawa ya fi SS sauƙi a ƙuruciya, ya zo ya kama ƙugu da idanu bayan an girma.

Wani babban ƙiyasi da aka buga a 2023 ya nuna cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 7 da dubu 700 da ƴan kai ne ke rayuwa da cutar a duniya, kuma jarirai fiye da dubu 500 aka haifa da ita a shekarar kaɗai, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara. Likitocin Turai sun fara rubuta labarinta ne a 1910, lokacin da wani likita a Shikago ta Amurka, James Herrick, ya ba da bayanin jinin wani ɗalibi baƙar fata ɗan tsibirin Giranada, mai ƙwayoyi masu siffar lauje. Kakanninmu kuwa sun san ta tun kafin nan, sun san tana bin dangi, sun san tana tashi da sanyi da damina.

Lafiyayyar ƙwayar jini a kewaye take, mai laushi, tana lanƙwashewa ta ratsa jijiyar da ta fi gashi siranta, kuma takan yi kwana 120 tana aiki. Ta mai emasi kuwa, da iska ta yi mata ƙaranci ko ruwan jiki ya ragu, sai ta sandare ta lanƙwashe kamar lauje, ta yi danƙo, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Mutuwar da wuri ita ke kawo ƙarancin jini da rawayar ido. Sandarewar kuma ita ke kawo ciwo: ƙwayoyin sukan cushe a ƙananan jijiyoyi kamar yadda kara da leda ke toshe magudanar ruwa da damina, abin da ke gaba ya rasa jini. Cikin ƙashi kuwa ba wurin da kumburi zai buɗa, bango ne ta ko'ina. Shi ya sa masu cutar ke cewa kamar ana sara musu ƙashi da gatari. Wallahi ba raki ba ne, kuma duk mai cewa yaro yana yi ne don gudun lakwal ko gudun gona bai taɓa kwana ɗaki ɗaya da shi ba.

Alamar farko kan bayyana bayan wata shida da haihuwa, lokacin da jinin da jariri ya fito da shi daga ciki, mai kare shi, ya fara ƙarewa. Sai uwa ta ga bayan hannu da bayan ƙafa da yatsu sun kumbura sun yi zafi, yaro yana tsala kuka in an taɓa. Yakan yi mako ɗaya ko biyu ya sace. Nan ne ake asarar dama mafi girma, don da kumburin ya sace sai a ce haƙori ne, ko cizon ƙwaro, a manta. Jaririn da hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura haka, ko sau ɗaya ne, ya cancanci gwajin jini.

In yaro ya tasa, ciwon kan koma dogayen ƙasusuwa, ƙwauri da cinya da dantse, da baya da ƙirji. Abubuwan da ke tayar da shi duk mun san su a nan: sanyin asuba na hunturu, wanka da ruwan randa, dukan ruwan sama a gona, shiga ruwa a gulbi ko tsayuwa cikin ruwan ban-ruwa a lambunan Jiratawa, zafin Afrilu da Mayu da ke tsotse ruwan jiki, zawo da amai, wahalar aiki, da uwa uba zazzaɓin cizon sauro. Batun azumi ma ya shigo nan, musamman shekarun da ya faɗo cikin bazara. Mai emasi ya zauna da likitansa da malaminsa kafin wata ya kama, kada kunyar abokai ta yanke masa hukunci.

Ƙugun da ke mutuwa a ɓoye

Akwai illar da ba ta zuwa da ihu, kuma ita ce ta fi barin tabo. Kan ƙashin cinya, wannan dunƙulen da ke juyawa cikin kwarmin ƙugu, jijiyoyin da ke ciyar da shi kaɗan ne, ba su da mataimaka. In suka toshe, ƙashin wurin ya mutu. Da farko siffarsa ba ta canzawa, amma nauyin jiki na bisa kansa kullum, sai ya riƙa lotsawa kaɗan-kaɗan har ya baje, kamar ƙwaryar da aka zauna a kai. Saurayi ko budurwa, galibi daga shekara goma sha zuwa talatin da wani abu, ya fara jin ciwo a matsematsi ko cinya in ya yi tafiya. Wani ma a gwiwa yake jin ciwon, a yi ta shafa wa gwiwa magani alhali ɓarnar tana ƙugu. Sannu a hankali tsugunno ya gagara, zaman tahiya ya gagara, hawa kabu-kabu sai an ɗaga masa ƙafa, ƙafa ɗaya ta gajarta. Haka kan faru a kafaɗa ma, sai ɗaga tulu ko ɗaura ɗankwali ya zama aiki.

Wannan ciwo ya sha bamban da tashin emasi na kwana uku ko biyar. Shi ba ya tafiya, kuma motsi ke ƙara shi. In an zo da wuri akwai abin yi: a rage wa ƙafar nauyi da sanduna, a daina ɗaukar kaya da doguwar tafiya, masu gashin ƙashi na asibiti, waɗanda muke kira kine, su koya wa mutum motsin da zai hana gaɓar sandarewa, wani lokaci kuma likitan ƙashi ya huda wurin don rage matsi. In kan ƙashin ya riga ya rushe, abin da ya rage shi ne tiyatar sa ƙugun ƙarfe, aiki mai tsada da ya fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma ƙarfen ma yana da shekarun da yake yi ya gaji. Hoton ƙashi, wanda a asibiti ake kira radiyo (ba irin tamu mai magana ba), yakan fito lafiya lau a farkon ciwon; na'urar IRM ce ke ganinsa da wuri. Saboda haka in hoto ya fito ba komai amma ɗingishi bai daina ba, a koma wurin likita, kada a ce an gama.

A nan dole a yi maganar maɗora. Suna da aikinsu, kuma jama'a sun yarda da su tun kaka da kakanni. Amma ƙugun mai emasi bai goce ba, bai karye ba, babu abin ɗorawa. Ja da murza da ɗaure da karare ƙara rusa shi suke yi.

Sai kuma ƙwayoyin cuta. Saifar mai emasi takan lalace tun yana ƙarami, ita ce kuwa matatar da ke kama ƙwayoyin cuta cikin jini. Ƙashin da ya rasa jini kuma wurin kwana ne gare su, musamman dangin ƙwayar da ke kawo taifot, wadda ke shiga ta gurɓataccen ruwa da abinci. Sai ƙashi ya yi ruwa. Wahalar ita ce a kwanakin farko ciwon yana kama da tashin emasi na kullum, har likita sai ya yi gwaji kafin ya bambance. Abin da iyaye za su lura da shi: ciwo a wuri ɗaya tak, wurin ya kumbura ya yi zafi, zazzaɓi ya ƙi sauka, kwanaki sun wuce yadda aka saba. Gaɓar da ta yi ruwa tana iya lalacewa cikin ƴan kwanaki. Sakiya a gida ba ta kai inda mugunyar take, sai dai ta buɗe wa wasu ƙwayoyin ƙofa, a ƙare da ramin da ke tsiyaya shekara da shekaru. Gyambon idon sawu da ke ƙin warkewa ga samari masu emasi shi ma daga rashin gudun jinin ne.

Abin da ke taimako a gida sananne ne: ruwa da yawa, ɗumi, hutu, tsumma mai ɗumi a wurin ciwo, farasitamol bisa awon da likita ya faɗa. Ba a sa wa mai emasi ƙanƙara ko ruwan sanyi a wurin ciwo. Amma in zafin jiki ya kai digiri 38 da rabi, ko ƙirji ya ɗauki ciwo da haki, ko tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat, ko ciki ya kumbura ta hagu farat ɗaya, ko baki ya karkace ko hannu ya saki, ko gaban ɗa namiji ya miƙe da ciwo ya ƙi kwanciya, to ba a jiran gari ya waye. Tsakanin tashi da tashi kuwa, abin da ke tsawaita rai ƙanana ne: rigakafin yara cikakke, penisilin kullum ga ƴan ƙasa da shekara biyar, folik asid, gidan sauro, da maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa yara gida-gida da damina. Akwai kuma ƙwayar hidroksiyuriya, wadda ke rage yawan tashin ciwo da buƙatar ƙarin jini. Wani bincike da aka buga a 2019, wanda aka yi kan yara a Angola da Kwango da Kenya da Yuganda, ya tabbatar tana aiki ga yaran Afirka, kuma a asibitin koyarwa na Aminu Kano an yi nazari kanta wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Likita ne ke rubuta ta yana bin jini da gwaji, ba a sayenta da ka. Dashen ɓargo yana warkar da cutar, an fara yinsa a Najeriya a birnin Benin a 2011, amma kuɗinsa da haɗarinsa da neman ɗan'uwan da ɓargonsa ya dace sun sa kaɗan ne ke kai gare shi.

Gwiwar da ke cika da jini

Akwai wata cutar gado da ba ta kai emasi yawa ba, wadda likitoci ke kira hemofiliya, wato jinin da ba ya daskarewa da wuri. Kusan ɗa namiji ɗaya cikin dubu 5 ake haifa da nau'inta mafi yawa. Maza take kamawa, mata ke ɗauke da ita su miƙa wa ɗiyansu maza, shi ya sa in za a bi sawunta wajen kawunnai ake dubawa, ƴan'uwan uwa. Wani lokacin kuma takan ɓullo a gidan da ba a taɓa ganinta ba.

Mutane sun fi lura da jinin da ke zuba waje, amma ɓarnar da ta fi yawa a ciki take. Yaro ya fara rarrafe ko tafiya, ɗan tuntuɓe kaɗan sai gwiwa ko idon sawu ko gwiwar hannu ta kumbura tim, ta yi zafi, ya ƙi miƙe ta. Jini ne ya zuba cikin gaɓar. In ya tsotse ya sake zuba, ya tsotse ya sake zuba, sai ya cinye guringuntsi, kafin yaro ya kai sha biyar gwiwa ta sandare a lanƙwashe, cinya ta tsotse. Ku dubi bambancin da emasi: a nan sanyi ake sawa, tsumma da ƙanƙara a naɗe, a hutar da gaɓar, a ɗaga ta, a nufi asibiti don allurar sinadarin da jinin ya rasa. Asfirin da danginsa haramun ne gare shi, allurar ɗuwawu ma haka, ƙaho da tsaga da murza kuwa kada ma a fara. Kun ga haɗarin kiran komai "sanyi": gwiwa biyu masu kumburi iri ɗaya a ido, ɗaya ɗumi take so, ɗaya sanyi.

Yawancin gidaje a wurin wanzami suke fara gano wannan cuta, ranar cire belu ko ranar kaciya, jini ya ƙi tsayawa. Kafin a kai yaro shayi da hunturun bana, a tambayi uwarsa: cikin ƴan'uwanki maza ko ɗiyan ƴan'uwanki mata, akwai wanda jini ya taɓa ƙin tsaya masa? Shi yaron, yana yawan yin tabo baƙi-baƙi a jiki ba tare da an doke shi ba? In amsar i ce, asibiti za a fara zuwa.

Sankarar jini ga yara

Wannan kuma ba gado ba ce, ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba kuma laifin uwa ba ne. Wasu fararen ƙwayoyin jini ne ke lalacewa tun suna ɗanye, su yi ta hayayyafa ba tsayawa har su cika ɓargo, kamar yadda ƙuduji ke mamaye gonar hatsi. Matsin da suke yi daga cikin ƙashi shi ke kawo ciwo, kuma da yake sun kore masu aikin kirki, jini ya yi ƙasa, cututtuka su yi ta kama yaro, jini ya riƙa fita ta hanci da dasashi. Nau'in da ya fi kama yara ya fi yawa tsakanin shekara 2 zuwa 5.

Yaron da ke gudu da tsalle sai ya fara cewa a goya shi. Ya ƙi taka ƙafa. Ciwon yau a gwiwa, jibi a idon sawu, gata a hannu, kuma yana tashinsa daga barci tsakar dare. Ga zazzaɓi da aka yi wa maganin sauro sau biyu sau uku bai tafi ba, ga fari, ga kaluluwa a wuya da hammata, ga ciki ya ɗan tasa. Kowace alama ita kaɗai tana kama da abin da muka saba gani, shi ya sa ake ɓata watanni. Haɗuwarsu da daɗewarsu ne abin tsoro. Gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini, wanda ake rubutawa NFS a takardar likita, shi ne matakin farko, kuma ana yinsa a nan Maraɗi. In ya nuna alama, sai a ɗebi ɗan ɓargo da allura a duba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu sankara suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai 30 ba, kuma jinkirin zuwa da yanke magani a tsakiya na cikin manyan dalilai. Maganin sankarar jini na yara yakan ɗauki shekara biyu ko fiye. Ga magidancin Tibiri ko Madarunfa, wannan na nufin hanyar Yamai mai fiye da kilomita 600, da masauki, da barin gona. Abu ne mai nauyi, kuma dangi su san da haka tun farko su raba ɗawainiyar, don yaron da aka fara wa magani aka janye shi da ya ji sauƙi, cutar kan dawo da ƙarfin da ya fi na da.

Akwai ƴar'uwarta da ke kama muƙamuƙin yara, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai yawa a ƙasashen da zazzaɓin sauro ya yi katutu. Kunci ya kumbura cikin makonni, haƙora su yi girgiɗi, ko ciki ya cika. Ana yawan ɗaukarta ciwon haƙori ko hangum. Tana da saurin girma ƙwarai, tana kuma da saurin jin magani in an zo da wuri.

Bayan dattijo

Wanda ya haura hamsin yana kukan baya, wa zai yi mamaki? Shekara arba'in yana duƙe da hauya da kalme. To amma akwai wata sankarar ɓargo mai suna miyeloma da ke ɓuya daidai nan. Ƙwayoyinta suna narkar da ƙashi daga ciki, har hoton radiyo ya nuna ramuka-ramuka a ƙoƙon kai da ƙugu, kamar azarar da gara ta ci. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna ta ninka yawa sau biyu ga baƙar fata a kan farar fata.

Ciwon bayan gajiya yakan saki in an huta. Wannan ba ya saki, wata da watanni, har da dare, har haƙarƙari. Mutum ya rame, ya yi fari, ya gajarta a ido, ƙishirwa da fitsari su yawaita, fitsarin ya riƙa kumfa, ciki ya ɗaure. Wani sai ya karye a kan abin da bai kai ya karya mutum ba, ɗaga buhu ko tari mai ƙarfi. In ƙafafu suka fara dindiris ko nauyi, ko fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba a sani ba, to ƙashin baya ya danne laka, kuma awoyi ake ƙirgawa kafin ƙafafun su tafi gaba ɗaya. Tarin fuka na ƙashin baya ma yana yin haka, kuma shi yana warkewa sarai, wani dalili ke nan na yin gwaji. Miyeloma ba a cika warkar da ita ba, amma ana danne ta shekaru, ana ƙarfafa ƙashi, ana rage ciwo, mutum ya koma masallaci da ƙafarsa.

Maganin bakin hanya

Duk waɗannan cututtuka sun haɗu a wuri ɗaya: tiren mai tallar magani. Diklofenak da ibuprofen suna kashe ciwo, gaskiya ne, amma shansu kullum yana cin ƙoda da tumbi, kuma ƙodar mai emasi da ta mai miyeloma dama a wahale suke. Tramol ya riga ya zama abin da ya zama a cikin samarinmu. Mai emasi yana da haƙƙin a ba shi maganin ciwo mai ƙarfi in ciwo ya tashi, a asibiti, bisa awo, ba tare da an yi masa kallon ɗan ƙwaya ba, amma wanda ya saba saye da kansa yakan wayi gari da cuta biyu. Mafi sharri a wannan babi ita ce deksa, wadda ake zubawa cikin haɗin maganin sanyi, wasu mata kuma ke sha don ƙiba. Tana kashe kan ƙashin cinya ko ga mai lafiya, tana iya tayar da emasi, sannan ga yaro mai sankarar jini takan kwantar da alamu na ƴan makonni, iyaye su yi murna, gwaji ya rikice, cutar ta dawo ta fi wuyar magani. Idan za a je asibiti a tafi da kwalaye da ledojin duk abin da aka sha, har na gargajiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Hanyar kuwa ita ce wadda aka sani: a fara da CSI na unguwa ko na gari, su tura asibitin gunduma ko babban asibitin jiha, ko cibiyar uwa da yaro, ko asibitin Referans na Maraɗi inda ƙwararru suke. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu emasi, CNRD, da cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara, CNLC. Tun 2006 dokar ƙasa ta ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, ko da yake iyaye sun san sau da yawa sai an fita da takarda an nufi farmasi. A riƙe karne ɗaya da duk takardun gwaji a leda ɗaya, musamman masu tsallakawa Katsina ko Kano neman magani, don kada kowane likita ya faro daga farko. Kuma da yake mai emasi da mai sankara duka suna rayuwa ne da jinin wasu, kuma da damina jini kan yi ƙaranci saboda yaran da zazzaɓi ya kwantar, lafiyayyen namiji yana iya ba da jini duk wata uku, mace duk wata huɗu, a cibiyar ƙarin jini ta jiha.

Saura batun aure, wanda ake tunawa da shi duk ranar 19 ga Yuni, ranar emasi ta duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a 2008, sannan a manta. A Kano, tun watan Mayun 2024 doka ta wajabta gwajin jini kafin ɗaurin aure. A nan abin yana hannun iyaye da waliyyai da limamai. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar S da S, amma da yawan masu ɗauke da irin a ƙasar nan, bare da bare ma suna haɗuwa, don haka gwajin na kowa ne. Lokacinsa kuma tun ana gaisuwa, kafin a kai kuɗi a sa rana, lokacin da janyewa ba ta zama abin kunya ga gida biyu ba. Gwaji iri biyu ne. Akwai na Emmel, mai araha, wanda iyakarsa ya ce akwai S ko babu. Ba ya bambance AS da SS, kuma ba ya ganin C sam. Wanda ake nema shi ne elektroforez, wanda takardarsa ke fitowa da haruffa biyu a rubuce: AA, AS, AC, SS ko SC. Sau ɗaya ake yinsa a rayuwa, muddin ba a yi wa mutum ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce ba, don jinin da aka ƙara yana ɓata sakamakon.